Goggo Sista da Cokalin Rubutu

Kwana uku muka yi a tsakar gidanta na unguwar Takur a Dutse muna karɓar gaisuwa, kuma a kwana ukun nan ban ji wanda ya faɗi gaskiya a kan Goggo ba. Wannan ta shigo ta zube, ta ce, "Allah sarki Sista, baiwar Allah mai sanyin hali." Waccan ta ce ita ba ta taɓa ganin ɓacin ran Sista ba. Wata tsohuwa daga Kiyawa har da share hawaye da bakin mayafi, wai Sista ko ɗaga murya ba ta iya ba. Na dube ta na ce a raina, Iya, ke ce fa ta kora daga ɗakin yara kina rungume da ƙwaryar fura, har takalminki ɗaya kika bari. Ina wurin aka yi.

Na san mai gaisuwa ba ya faɗin aibin mamaci, haka kuma ya dace. Amma a ce Goggo mai sanyi? Haba jama'a! In aka ci gaba da haka, nan da shekara biyu an manta wadda ta rasu, an koma yi wa wata daban addu'a. Shi ya sa na ɗauki biro. Daga Allah ta zo, gare shi ta koma, mu ma muna hanya. Amma a bar ni in rubuta ta yadda take.

Ƙanwar babana ce. Rayuwarta duka a aikin jinya ta ƙare, yawanci a ɗakin yara, kuma tun da Dutse ta zama babban birnin jiha aka dawo da ita nan. Kowa Sista yake ce mata, har limamin unguwa. Tana da wani agogo da take maƙalawa a ƙirji, ko gidan suna ta je yana nan a ƙarƙashin mayafi. Ka miƙa mata jariri ta sa albarka, sai ka ga ta buɗe masa ciki tana ƙirga numfashi, bakinta yana amsa gaisuwa, idonta yana kan agogo. Ka kawo mata abinci, kafin ta ce an gode sai ta ce, "Ka wanke hannu?" In ka fara yi mata dogon bayani, amsarta ɗaya ce: "Na ji. Tashi."

Ni 'yar farina ce ta kai ni hannunta. Tana shekara huɗu, da damina, zazzaɓi ya kama ta a Aujara, inda nake aure kuma nake koyarwa a firamare. Kwana biyu ana jiƙe-jiƙe, a na uku ta fara jijjiga, ido ya kakkafe. Da hantsi muka sami mota zuwa Dutse. Ba ni na ɗauko ta ba. Surukata, Inna, ita ta goyo ta, ni ina baya riƙe da ƙullin kaya kamar 'yar rakiya. 'Yar fari ce, kuma sunan Innar aka sa mata. Tun da na haife ta ban taɓa kiran sunanta ba, ban taɓa ɗaukarta a gaban mutane ba, tun yaye kuma a ɗakin kakarta take kwana. Haka aka tarbiyyantar da mu, ana ma yabona da shi.

A bakin ƙofar ɗakin yara yarinyar ta saki. Inna ta ji nauyin ya canja a bayanta, ta kwance goyon, kan yarinyar ya langaɓe. Goggo ta fito, ba ta ko kalle mu ba. Ta fizge ta, ta shimfiɗe a kan tebur, ta sa yatsu biyu a wuyanta, ta ƙwala wa wata nas kira. Sai ta ɗora tafin hannu ɗaya a tsakiyar ƙirjinta ta shiga dannawa, nas ɗin tana matsa mata iska da wata jakar roba a baki da hanci. Inna ta warware zaninta na goyo za ta rufe ta.

"Sista, ki bar ta haka nan, kar a wahalar da gawa."

"Hajiya, cire hannunki daga nan."

"Ai rai ya yi halinsa, ni na ji a bayana."

"Na ce cire hannunki!"

Likita ya zo da gudu ya yi allura. Ban san tsawon lokacin da aka ɗauka ba. Abin da na sani, gumi yana ɗiga daga haɓar Goggo, ni kuma ina tsaye jikin bango, ko kuka ban iya yi ba don Inna tana wurin. Can sai Goggo ta tsaya, ta mayar da yatsunta wuyan, ta ce, "Ga ta." Ƙirjin ya ɗaga da kansa.

Mutanen da ke baranda suka ɗauki kabbara. Goggo ta leƙa ta ce a yi mata shiru. A nan na fara jin maganar da daga baya na ji ta faɗa wa iyaye ba adadi: "Dawowa ba warkewa ba ce. Yanzu aiki ya fara."

Ashe tun lokacin da Inna ta warware zani, wan mijina, da ya biyo mu asibitin, ya tayar da babur ya yi Aujara da labarin rasuwa. Bai tambayi kowa ba. Kafin mijina ya aika a ce tana da rai, an yanko likkafani, an haƙa rabin kabari, mata sun cika gida. To, mutanen da suka riga suka taru, me za a yi da su? Washegari suka cika akori-kura suka taho dubiya, kowa yana son ganin wadda ta mutu ta dawo. Masu kunu, masu fura, masu sassaƙe a ƙulle a leda. Goggo ta tare ƙofa da jikinta. Ta ce mutum biyu ne za su shiga, su ma sai sun wanke hannu da sabulu, kuma duk wanda ya sa wa yarinyar nan wani abu a baki, ko ɗigon ruwa ne, za su haɗu. Wata ta ce, "Sista, daga Aujara fa muke." Ta ce, "Sannunku da hanya. Ku koma."

Surukina malami ne, mai makarantar allo, mutum mai nauyi a garinmu. Ya zo da kwalbar rubutu da ya yi da hannunsa. Na ce yau za a yi ta. Goggo ta durƙusa har ƙasa ta gaishe shi, ta tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, sannan ta ce:

"Allah gafarta Malam, ayar Allah ba ta cutar da kowa. Amma ruwan da aka wanke ta da shi, ruwa ne. Yarinyar nan ba ta cikin hayyacinta, ba ta haɗiya. Abin da ya shiga bakinta, huhu zai tafi."

"To yaya kike so a yi, Sista?"

"A shafa mata. Cikinta bai tashi ya fara aiki ba tukuna, ƙarin ruwa ne yake riƙe da ita. Ranar da ya tashi muka sa mata robar abinci ta hanci, ni da hannuna zan zuba mata rubutun nan."

Malam ya ce, "Shafawa ma ta wadatar. Allah ya san niyya." Da hannunsa ya shafa mata a goshi da ƙirji, ya ajiye kwalbar a kan 'yar akwatun gefen gado ya fita. Wato dattijon da nake tsoron zai yi gardama, shi bai yi ba.

Ni ce Goggo ta rasa yadda za ta yi da ni. Ta fito ta same ni a gindin darbejiya cikin mata, na sunkuyar da kai.

"Ke, me kike yi a nan?"

"Goggo, ai Inna tana ciki."

"Inna ce ta haife ta?"

Ta kama hannuna ta ja ni har bakin gadon. Yarinyar tana kwance, robar iska a hanci, allurar ƙarin ruwa a hannu, ido a rufe.

"Kira sunanta. Yi mata magana. Suna ji, ko ba su motsa ba. Muryarki take nema."

Inna tana zaune a kan tabarma, ta kawar da kai. Na buɗe baki, wallahi abin ya ƙi fita.

"Malamar makaranta!" in ji Goggo. "Kullum safe kina kiran sunan yara sittin a rajista, taki ɗaya ta gagare ki. Kunyar nan taku ita za ta juya min yarinya? Ita za ta goge mata baki?"

Duk ɗakin yana ji. Na fita ina hawaye, ina cewa a raina wannan mata ba ta san mutunci ba, aikin asibiti ya cinye mata kara.

A rana ta uku, bayan azahar, Inna ta tafi alwala, masu jinyar sauran gadaje sun fita cin abinci, Goggo ma ba ta nan. Na shiga. Rabon da in zauna ni da 'yata mu biyu, tun kafin yaye. Na ga leɓenta ya bushe ya tsattsage. Na taɓa goshinta. Na sunkuya daidai kunnenta na kira sunanta, sau ɗaya, sau biyu, sau uku. Sai idona ya faɗa kan kwalbar, ga cokali a gefenta. Na ji duk abin da Goggo ta gaya wa Malam, ba zan ce ban ji ba. Amma na ce a raina: kowa ya yi mata wani abu, likita, Goggo, Inna, Malam, ni da na haife ta ban yi mata komai da hannuna ba. Cokali ɗaya ne. Ayar Allah ce. Na ɗaga kanta na zuba.

Ba ta yi tari ba. Da ta yi tari da sauƙi. Wani gurguri ya taso daga maƙogwaronta, ƙirjin ya shiga fizga, leɓen ya yi baƙi. Kafin in yi ihu Goggo tana kaina. Ta ture ni, ta juya ta gefe, ta jawo injin zuƙe majina wanda ake takawa da ƙafa, ta zura robar. Abin da ya zubo cikin kwalbar injin baƙi ne, launin tawada. Ta dubi kwalbar Malam, ta dubi cokalin da ke hannuna. Ta karɓe shi ta jefa a aljihu, ta ɗauki jakar iska ta ci gaba da aikinta. Numfashin ya ɗauke, ya dawo, ya ɗauke, sannan ya zauna.

Kafin magariba zazzaɓi ya rufe ta, huhu ya kamu. Mijina ya tambaya me ya faru, ga shi da safe an ce da sauƙi. Ina tsaye a wurin. Goggo ta ce, "Ta ƙware ne. Masu irin wannan ciwo suna ƙwarewa." Likita kaɗai ta gaya wa, don ya san maganin da zai rubuta. Inna ba ta sani ba, Malam bai sani ba, dukansu sun rasu ba su sani ba. Mijina ma sai jiya, da na ce masa zan rubuta wannan.

Kada wani ya zaci rufa min asiri ta yi ta bar ni. Ina! Washegari ta sami Inna ta ce, "Hajiya, kin gaji, ƙafarki ta kumbura. Ki koma gida. Uwar za ta yi jinya." Inna ta ce ai ba a haka. Goggo ta ce a ɗakinta haka ake yi. Daga ranar na shiga hannunta. Duk awa biyu in juya yarinyar, dama, baya, hagu, don kar fatarta ta ƙuje. In goge mata baki da auduga mai laima, in matse audugar sai ba ta ɗiga. In shafa mata tsumma mai sanyi in jiki ya yi zafi. In miƙe mata hannu da ƙafa, gaɓa gaɓa, ina yi ina yi mata hira. In na yi shiru sai in ji daga can ƙarshen ɗaki, "Malama, ban ji muryarki ba!" In na makara da minti biyar ta nuna min agogon ƙirjinta. Sannu ɗaya ban samu daga bakinta ba.

Kwana biyu bayan abin da na yi, cikin ya tashi, aka sa robar abinci. Goggo ta ɗauko kwalbar Malam, ta ja rubutun a sirinji, ta yi bismilla ta zuba a hankali. Ta sa ni na tsaya na gani. Ta ce, "Kwana biyu kawai." Ni kuwa na gwammace ta mare ni.

Sai a mako na biyu yarinyar ta buɗe ido. Ba ta gane kowa ba, ba ta iya riƙe wuyanta. Goggo ta zaunar da ni da mijina ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye: wadda za mu koma da ita gida ba lalle ta zama wadda muka kawo ba, ƙwaƙwalwa ta rasa iska, abin da zai dawo zai dawo a hankali, wani ba zai dawo ba. Mijina ya ce, "Sista, ba za ki ɗan ba mu ƙwarin gwiwa ba?" Ta ce, "In yi maka ƙarya ka je gida ka zauna kana jira? Aiki zan ba ku." Ta koya mana yadda za a zaunar da ita a ba ta koko mai kauri, kaɗan kaɗan, ana kallon maƙogwaronta.

Ta rayu. Ƙafar hagu tana ja, magana tana fita a hankali, sai an jira ta. Amma ta yi tafiya, ta yi karatu, tana ɗinkin hula da ya fi nawa. Kuma kusan kowace Asabar, shekara da shekaru, sai ga Goggo a Aujara. Ta yi ritaya, ba ta fasa ba. A shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, da aka fara yi wa mace kallon banza in ta hau bayan ɗan acaɓa, sai ta riƙa takowa da ƙafa daga Takur zuwa tasha, gwiwa tana ciwo, ta iso mana da mitarta a baki. Ta duba ƙafar, ta ce ba a miƙe ta yadda ta ce ba. Ta ɗaga murfin randa. Ta kori yaran da ke tsokanar yarinyar da sunan fatalwa, har gidajen iyayensu ta bi. Wani lokaci in na hango mayafinta daga zaure sai in ji raina ya ɓaci. Ina ganin zuwa take ta tuna min, don kar in manta abin da na yi.

Da ciwon ajalinta ya kwantar da ita, ni na yi jinyarta, tana gyara min yadda ake juya majinyaci. Wata rana da la'asar na yi ƙarfin hali na tambaye ta abin da ya shekara goma sha uku yana cina.

"Goggo, ƙafar nan da bakin nan, tsayawar zuciyar ce ta jawo, ko cokalina ne?"

"Ban sani ba."

"Ki dai faɗa min."

"Da na sani da na faɗa, kin san ba kunyarki nake ji ba. Ban sani ba, likitan ma bai sani ba."

Mutum yana bakin kabari, ya ce maka "ba ke ba ce" mana, ko don ka samu barci! Ta ƙi. Ta ce in ɗaga mata matashin kai, ya yi ƙasa.

Bayan addu'ar uku, mutane sun watse, muka rage ni da 'yata muna wanke kwanuka a bakin rijiyar gidan. Yanzu shekararta goma sha bakwai. Na ga wadda ta riƙe min maganar ta tafi, in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Ban iya kallonta ba. Na juya mata baya ina cuɗa tukunya, na faɗa mata duka, tun daga kwalbar har cokalin.

Ta bari na gama. Sannan a hankali, yadda take magana, ta ce, "Na sani."

Tukunyar ta suɓuce min.

"Goggo ta gaya min, ina shekara goma sha biyu. Na tambaye ta me ya sa ba kya kiran sunana, ko ba kya sona ne. Ta ce duk Aujara ba wanda ya taɓa saɓa mata sai ke, kuma saboda ni kika yi. Ta ce kar in nuna miki na sani, sai kin faɗa da bakinki."

Na ce, "Shekara biyar? Shekara biyar kina kallona?"

"Akwai saura," in ji ta. Na jira, don ba a katse ta. "Ta ce laifin na ku biyu ne. Ranar tana bakin ƙofa. Ta ji kina kiran sunana, sai ta ja da baya ta tsaya a waje, don kar ki gan ta ki ji kunya ki daina. Ta ce da ta shigo, da ta ƙwace cokalin."

Na zauna a kan dutsen wanki, hannuna duk toka.

Kai, Goggo! Ke da kika tsinka ni a gaban ɗaki guda a kan kunya, ashe sau ɗaya a rayuwarki kin yi wa mutum kara, kuma a ranar ce. Shekara goma sha uku kina tako hanyar Aujara da ciwon gwiwa, ni ina cewa laifina kike zuwa tuna min, ashe naki kike ɗauke da shi. Ko sau ɗaya ki ce, "Malama, matso mu raba." Kika bar ni da nawa, kika tafi da naki. Wallahi ba ki kyauta min ba, kuma da kina nan da na faɗa miki a gaban idonki, ki ce, "Na ji. Tashi."

Allah ya ji ƙanki, ya yalwata miki makwanci, ya sa yaran da kika tsaya a kansu su tsaya miki ranar tsayuwa. Nawa laifin, yarinyar ta ce ta yafe tun tuni. Na tambaye ta naki. Ta ce kin riga ni roƙa.